Bijimin da Ya Ƙi Gyaɗa Kai

A zamanin da ƙasar Girka ba ta san sarki ɗaya ba, kowane gari yana fama da tasa ganuwar da nasa girman kan, an yi wani ɗan gari a bakin teku ana ce masa Amfira. In na ce gari, kada ka kawo wani katafaren birni a ranka. Mutum in ya yi atishawa a ƙofar tudu, sai a yi masa sannu daga bakin ruwa. Ba su da gonakin a zo a gani, ba su da wurin kiwo, dutse ya tokare su ta baya, teku ta tare su ta gaba. Abu guda suke da shi wanda ya tsone wa maƙwabta ido, wato tashar jiragensu mai zurfi, wadda wani dogon harshen yashi ya kare daga iska.

Can cikin tsaunuka akwai birnin Oromeda, mai shanu da inabi da mayaƙa ba iyaka, amma ko kwalekwale ba su da wurin ɗaurewa. Sarkinsu Agelos ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan tashar Amfira. Da yake ba wawa ba ne, sai ya jira lokacin da Sarkin Jirgi Telesas ya kwashi majiya ƙarfin garin suka ƙetare teku sayen alkama. Kowa ya san jiragen nan in sun yi lodi ba sa iya shigowa gida muddin iskar tudu tana busawa. Sai su yada zango a bayan wani tsibiri, su zauna jiran ranar da iska za ta juya. Agelos ya fara toshe hanyar tsauni, ya hana ko akuya sauka Amfira, sannan ya aiko da manzo.

Manzon ya tsaya a dandalin majalisa riƙe da sandar jakadanci, ya ɗaga murya ya ce, “Ku saurari maganar Agelos, Sarkin Oromeda, mai kwaruruka da tsaunuka, wanda shanunsa suka fi ƙarfin makiyaya. Ku buɗe masa ƙofa, ku miƙa tasha, ku kwashe yaranku da tukwanenku ku hau tudu, a yanka muku gonaki ku zama talakawansa. In kun ƙi, Barde Orsilokos yana tafe da rundunarsa, kuma shi ba da sanda zai zo ba.”

Mutanen Amfira ba su da sarki, dattawa ne ke mulki, shugabansu kuwa shi ne Magajin Gari Timanor. Dattijo ne mai tumbi da fara'a, wanda ba a taɓa ganin ya zauna shari'a ba tare da kwanon ɓaure a gefensa ba. Ya sa aka kai manzo masauki aka ba shi kifi, sannan ya juya ga majalisa. A ranar ko ɓaure ɗaya bai taɓa ba. A garin nan aka haife shi, kaburburan iyayensa suna kallon ruwa, kuma ya san mutumin teku in aka mai da shi tsauni an kashe shi ne da ransa.

Sarkin Yaƙi Derkilos ne ya fara miƙewa. Tsoho ne mai ido ɗaya wanda rabonsa da yaƙi tun kafin gemunsa ya yi fari, shi ya sa yake marmarinsa. Ya rantse da kabarin ubansa cewa da tsofaffin da suka rage da mata da guragu zai riƙe ganuwa har jirage su dawo. Sarkin Kasuwa Ofelas ya tambaye shi wace ganuwar, wadda awaki ke tsallakewa ko wata ce aka gina bai sani ba. Shi a ganinsa a miƙa tasha a roƙi arziki, ko a bar su su zauna a gidajensu. Derkilos ya kira shi mai sayar da uwarsa da gishiri, Ofelas ya kira shi jarumin bakin murhu, har sai da aka shiga tsakani.

Da ƙura ta lafa, Timanor ya sa aka kira Uwar Tsafi Melanta, mai kula da ɗakin Fosaidon, wanda su a zamanin nasu suka ɗauka shi ne mai teku. Doguwar mace ce marar yawan magana, ta gaji aikin daga uwarta. Ya tambaye ta ko lokacin bikin Fosaidon ya yi. Ta ce ya yi, don masunta sun ga garken manyan kifaye a bakin tasha, kuma wannan ce alamar da ake jira kowace shekara.

Ga abin da Timanor ya hango. Tun kaka da kakanni garuruwan yankin duka, har da Oromeda, sun yi rantsuwa cewa daga ranar da aka yi shelar bikin har zuwa sa'ar da hayaƙin bijimin yanka ya tashi, ba mai ɗaga wa Amfira mashi. Matsalar ita ce bikin gajere ne. Yau a yi shela, gobe da hantsi a kawo baƙin bijimi gaban dutsen yanka, a kwara masa ruwa a ka. In ya kaɗa kai ya gyaɗa, sai a ce ya yarda a yanka shi, Sarkin Fawa ya sa wuƙa. In bai gyaɗa ba, a mai da shi a jira wata safiya, don ba a yanka wanda bai yarda ba. Sai dai tun da aka kafa garin ba a taɓa jin bijimin da aka kwara wa ruwan sanyi a ka bai kaɗa shi ba.

Ofelas, wanda kansa ke ja in dai dabara ce, ya ce ai abin mai sauƙi ne. A ɗumama ruwan, ko a ɗiga shi kaɗan a kan ƙaho, ko a sa wani ya riƙe igiya da ƙarfi ta baya. Dattawa suka fara gyaɗa nasu kan. Melanta ta dube su ɗaya bayan ɗaya har suka yi tsit, sannan ta ce:

“Ranka ya daɗe Magajin Gari, ku dattawan Amfira, ku ji ni da kyau. Zan yi shela don lokaci ya yi. Zan cika tulu daga rijiyar da uwata ta ɗiba, in kwara shi yadda ta kwara. 'Ya'yanmu suna bisa ruwan wanda kuke so in yaudara. Ba zan yi masa ƙarya ba alhali suna cikin tafin hannunsa.”

Timanor ya yi ajiyar zuciya ya ce to, ko kwana ɗaya aka samu riba ce, a yi shela.

Sai kuma wata sabuwa ta ɓullo. Kowace shekara daga makiyayan Oromeda ake sayo bijimin bikin, ga shi bana Agelos ya toshe hanya. Sarkin Fawa ya zaga gari lungu-lungu, bai samu baƙin sa marar tabo ba sai guda ɗaya, tsohon bijimin masunta mai jan jirage zuwa tudu. Ƙato ne malalaci, ƙahonsa ɗaya ya ɗan karkace, jikinsa kullum yana warin kifi. Sarkin Fawa ya kawo shi yana sunkuyar da kai don kunya. Melanta ta duba shi daga hanci har wutsiya, ta ce baƙi ne, lafiyayye ne, al'ada ba ta ce sai kyakkyawa ba.

Rundunar Oromeda ta sauko kwari da ƙaho da ganguna, garkuwoyi suna walƙiya, sai suka ci karo da masu shela sanye da kambin ganyen zaitun. Barde Orsilokos mutum ne mai faɗin ƙirji da ƙarancin dariya, jarumi na gaske, amma mai tsoron alhakin rantsuwa fiye da tsoron mashi. Ko tafiya ba ya farawa sai bokansa ya duba hanjin tunkiya. Da ya ji shelar sai ya ɗaure fuska, ya ce rantsuwar kakanninsa tasa ce, zai jira. Gobe da hantsi zai shigo da kansa ya ga yanka, in hayaƙi ya tashi ya koma ya ɗauko mashinsa.

Washegari gari duka ya taru a gaban dutsen yanka, mata suna share hawaye a ɓoye. Orsilokos ya tsaya gefe da manyan yaƙinsa, ba makami, hannu a harɗe. Aka jawo bijimi an yi masa ado da furanni, yana ƙoƙarin cinye na wuyansa. Melanta ta ɗaga tulu sama, ta juye masa ruwan nan kaf a tsakiyar ka. Ruwa ya gangaro ta idanunsa da hancinsa. Bijimi ya lumshe ido, ya ci gaba da tuƙa.

Aka zuba ido ana jira. Sarkin Fawa ya tsaya da wuƙa a hannu, bakinsa a buɗe. Can wata tsohuwa ta kasa daurewa ta tuntsire da dariya, sai dandali ya ɗauka gaba ɗaya. Melanta ko murmushi ba ta yi ba, ta ce bai yarda ba, a mai da shi sai gobe.

Da aka sake yin haka washegari, Orsilokos ya ce akwai lauje cikin naɗi. Melanta ba ta yi musu ba, ta miƙa masa tulun ta ce gobe ya ɗebo ruwan da kansa ya kwara da hannunsa. Haka aka yi. Barde ya ɗebo ruwa mai sanyin ƙanƙara tun da asuba, ya sheƙa wa bijimi har sai da ya jiƙa nasa takalman. Bijimi ya buɗe ido ɗaya ya dube shi, ya lashe hancinsa.

Timanor kansa abin ya ɗaure masa kai, har ya fara zaton ko Fosaidon ne ya riƙe ƙahon. Da rana ya bi masunta a baya ya ga inda suke kai dabbar. Suna sakinsa sai ya nufi teku, ya shiga har wuya, igiyar ruwa tana fashewa a kansa tana wucewa, shi kuwa yana tsaye yana gyangyaɗi. Tun yana ɗan maraƙi haka yake yini. Wanda teku ke mari kullum, me tulu ɗaya zai yi masa? Magajin Gari ya zauna a kan yashi ya yi dariya har hawaye suka jiƙa masa gemu. Da ya koma majalisa ya ce wa dattawa, da Agelos ya bar hanya a buɗe, da tuni sun sayi bijimin tsauni an yanka, an kuma ci garin. A ranar ya cinye kwanon ɓaurensa ya nemi ƙari.

To, al'ada ta ce muddin bijimi yana da rai biki bai ƙare ba, kuma duk baƙon da ya shigo ba makami sai an ciyar da shi. Mayaƙan Oromeda suka gaji da zaman sansani da busasshiyar gurasa, ga ƙamshin gasasshen kifi yana hawowa kwari. Da farko ɗai-ɗai suke saɗaɗowa, daga baya suka riƙa shigowa ayari-ayari. Aka yi kokawa, aka yi tsere, aka yi rawa a bakin ruwa. Tsofaffin masunta suka riƙa ɗaukar 'yan tsauni a kwalekwale don su ga yadda jarumi ke rungumar katako yana kiran uwarsa. Derkilos, wanda ya rantse ba zai ci da maƙiyi ba, shi aka riƙa samu a tsakiyarsu yana ba su labarin yadda ya rasa idonsa, kullum da sabon salo. Mata suka san sunayen samarin nan, suka san wanda ya bar amarya a gida da wanda uwarsa ba ta da lafiya. Ban taɓa jin garin da aka kewaye da yaƙi ya yi ƙiba irin Amfira a kwanakin nan ba.

Amma kowace safiya kafin a kwara ruwa, Timanor yakan hau ganuwa ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama. Iskar tudu tana nan daram. Rumbuna kuma sun fara nuna gindi, don ciyar da runduna ba wasa ba ne.

Shi ma Orsilokos ba barci yake da daɗi ba. Mayaƙansa manoma ne, inabi ya nuna a gida, tsuntsaye suna sha. Kullum aka wayi gari sai a tarar wasu sun sulale sun hau tsauni. Manzannin Agelos suna zuwa bi da bi, kowanne da saƙo mai zafi fiye da na baya, na ƙarshe har ya tambaya ko Barde ya zama makiyayin bijimin Amfira ne. Ran nan yana tafe a gaɓa ransa a ɓace, sai ya hango baƙin kai a cikin kumfa, teku tana dukansa yana lumshe ido. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Sai ya koma sansani ya tashi mahaya zuwa garken sarki.

Suka dawo da wani bijimi baƙi ƙirin, matashi, mai sheƙi, wanda ko ƙuda ya sauka a kunnensa sai ya yi tsalle. Orsilokos ya jawo shi da kansa har dandalin majalisa ya ce, “Magajin Gari, ku dattawa, Fosaidon ya ƙi naku. Ba ya kyautu a bar mai teku da yunwa. Ga kyauta daga Oromeda.”

Murna ta koma ciki. Da Barde ya fita, Ofelas ya ce a nemo farin gashi ko guda ɗaya a jikin dabbar, in babu a samar. Derkilos ya ce karon farko a rayuwarsa ya yarda da Sarkin Kasuwa. Melanta ta zagaya bijimin tana shafa shi, ta ɗaga wutsiya, ta leƙa kunnuwa, ta buɗe baki. Ta daɗe tana dubawa fiye da yadda ta saba. Timanor ya matso kusa da ita ya rage murya.

“Uwa, tare muka yi wasan ƙasa a gaɓar nan. Ba na ce ki yi ƙarya ba. Ki sake dubawa kawai.”

“Na duba, Timanor. Na nema kamar mai neman ɗanta. Ba shi da aibi.”

Magajin Gari ya ja da baya. Sannan ya juya ga dattawa ya ce gaskiyar matar nan ce ta ba su duk kwanakin da suka ci, don da ta yi maguɗi da tuni Barde ya gano ya karya rantsuwa. Ba za su ci amfanin gaskiyarta jiya su tofar da ita yau ba. Ya umarci Derkilos ya raba makamai, mata su tara duwatsu da tukwane a kan ganuwa.

Washegari da hantsi aka taru, wannan karon ba mai dariya. Rundunar Oromeda ta yi sahu a kan tudu tana kallo. Melanta ta ɗaga tulu, ruwa bai gama sauka ba bijimin tsauni ya kaɗa kai ya gyaɗa har ƙasa, ya fesa wa na kusa. Sarkin Fawa ya matso. Sai Melanta ta ɗaga hannu ta ce saura abu ɗaya. Wanda ya kawo bijimi shi ke dafa ƙahonsa ya maimaita roƙon biki a bayanta, da ƙarfi yadda kowa zai ji. Kowace shekara Magajin Gari ke yi don garin ne ke saye, bana kuwa Barde ne ya kawo.

Aka ɗora wa Orsilokos kambin zaitun, ya dafa ƙaho. Melanta ta fara, yana bi. Ya roƙa wa masunta kifi, ya roƙa wa rijiyoyi ruwa. Sai ta ce, “Ya mai teku, ka juyo da iska, ka dawo da jiragen Amfira gida lafiya.”

Barde ya yi turus. Ya dubi bokansa, boka ya dubi sama ya raɗa masa cewa iskar nan ba ta da niyyar juyawa sai an gama matsar inabi, ya faɗa kawai a wuce wurin. In kuma ya ƙi, yanka bai cika ba, biki bai ƙare ba. Orsilokos ya cije leɓe, ya ɗaga murya irin ta mai ba runduna umarni, ya maimaita kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya har mayaƙansa na kan tudu suka ji.

Aka yanka, aka ɗora kitse a wuta. Hayaƙi ya tashi ya nufi teku kamar yadda ya saba a kwanakin nan. Can sai ya tsaya, ya miƙe sak zuwa sama. Jama'a suna kallo ya karkato a hankali, ya bi ta kan rufin gidaje, ya hau tudu ya shiga idanun mayaƙan Oromeda. Orsilokos ya fizge kambin daga kansa ya fita da sassarfa, yana kiran a busa ƙaho tun kafin ya kai ƙofa.

Yaƙin ranar bai yi kama da wanda Agelos ya zana a ransa ba. Rundunar ta ragu, waɗanda suka rage kuma sun karaya. Da suka kafa tsani a ganuwa, tsofaffin masunta suka riƙa watsa musu taru daga sama, jarumi da sulkensa da kwalkwalinsa ya naɗe kamar kifi ya gangara. Mata suka yi ta ruwan tukwane da ruwan gishiri, suna kiran samarin da sunayensu. Wata ta leƙo ta ga wanda ya cinye mata kaskon kifi jiya yana hawowa, ta tambaye shi ko bai ƙoshi ba ne. Yaron ya sunkuyar da kai ya sauka da kansa. Duk da haka yawa yawa ne. An ji wa mutane rauni, an kashe wasu ta kowane ɓangare, kuma da rana ta karkata gungumen da suke dukan ƙofa da shi ya fara tsaga katako. Derkilos ya tokare ta da bayansa, jini yana zuba daga goshinsa, yana zagin duk wanda ya ce ya ja da baya. A ranar dai tsohon nan ya biya duk cika bakin da ya yi.

Da Orsilokos ya ga ƙofa ta ƙi faɗuwa da wuri, sai ya ɗebi zaɓaɓɓun mayaƙansa ya zagaya ta harshen yashi, inda ganuwa ta fi gajarta. Nan ya yi kuskuren ɗan tsauni. Iskar da ta juyo ta turo ruwa, yashi ya jiƙe, masu sulke suka riƙa nutsewa har ƙauri. Suna cikin fama da ƙafafunsu sai wata mata a kan ganuwa ta saki tukunyar da ke hannunta, ta nuna teku, ta rangaɗa guɗa.

Jiragen Amfira ne, zannuwansu a cike da iska, sun taho a jere. Telesas tun daga nesa ya hango ƙura da walƙiyar garkuwoyi, ya gane abin da ake ciki. Bai nufi tasha ba, ya sa jirage suka soka hanci a gindin harshen yashi, matuƙa suka diro riƙe da mashi da filafilan tuƙi suka datse hanyar komawa. Rundunar da ke bakin ƙofa ta waiwaya ta gani. Wani ya ce Barde ne ya kira su da bakinsa, kowa ya ji, mai teku kuma ya amsa masa. Maganar ta bi sahu kamar wutar kara. Suka zubar da gungume suka ranta a na kare, kowa ya tuna da inabinsa. Na kan yashi suka kifa garkuwoyi. Orsilokos ya yi ta sara shi kaɗai har aka jefa masa taru, Telesas da kansa ya ɗaure masa hannu.

Garin ya rikice da murna. Uwaye suna laluben 'ya'yansu cikin taro, ana kuka ana dariya, Ofelas ya rungume Derkilos har tsohon ya yi ƙara don zafin rauni. Timanor ya zauna a kan dutsen yanka, Melanta tana tsaye kusa da shi, hawaye suna bin kuncinta ba ta share ba.

Sarkin Jirgi ya iso dandali yana jan fursunansa, matuƙa biyu a bayansa ɗauke da buhun alkama. Ya gai da Magajin Gari da Uwar Tsafi, ya ce kafin a yi maganar wannan mutum bari ya sauke nauyin al'ada. Buhun farko na wanda ya kawo bijimin bana ne, wanda ya roƙa musu iska, don sun gaji da zaman tsibirin nan har sun fara cin alkamar. Ya ɗauki buhun ya nufi Timanor.

Timanor ya girgiza kai, ya nuna bayan Telesas da haɓa. Telesas ya waiwaya, ya ga yatsun garin duka suna nuna mutumin da ke ƙarshen igiyarsa. Ya dubi Melanta, ta ce haka ne, kuma ba a miƙa wa mutum alkamar biki hannunsa a ɗaure. Sarkin Jirgi ya sauke buhu, ya zaro wuƙa ya yanke igiyar, ya rusuna ya ce, “Mun gode, ranka ya daɗe. Iskarka ta yi kyau.”

Dandali ya fashe da dariya. Orsilokos ya dubi buhun, ya dubi tekun, kafaɗunsa suka fara rawa, sai ga Barden Oromeda yana dariyar da ko mayaƙansa ba su taɓa ji ba. Da ya nutsu, ya dafa dutsen yanka ba wanda ya tilasta shi, ya rantse hannunsa ba zai sake ɗaga wa Amfira mashi ba, ko da Agelos zai tuɓe shi a kan haka.

Timanor ya sa aka saki mutanensa, aka ba su gawawwakinsu da masu rauni. Ya raka shi har tsagaggiyar ƙofar nan ya ce, “Ka gai da sarkinka. Ka ce masa mun ji saƙonsa, mun kuma gode da gonakin, amma mu a nan za mu kwana.”

Barde ya saɓa buhun alkama a kafaɗar da ya saba rataya garkuwa, ya kama hanyar tsauni. Magajin Gari ya tsaya yana kallonsa har ya sha kwana, sannan ya juya ya gangara bakin ruwa, inda ake sauke kaya ana waƙa.